An Ce Ƙofar Zuciyarka Ta Samu Matsala: Abin Yi Mataki-Mataki

A ɗakin duba masu ciwon zuciya da nake aikin jinya a nan Abuja, mutane iri biyu ne suka fi ba mu wahala. Akwai wanda da jin likita ya ambaci zuciya sai ya ajiye aiki, ya kwanta, ya fara kiran 'ya'ya yana wasiyya, alhali matsalarsa ƙarama ce da za a iya zama da ita shekaru da dama. Akwai kuma wanda aka ba shi maganin fitsari, kumburin ƙafa ya saɓe, numfashi ya daidaita, sai ya ce "Sista, ai na warke," ya yi ɓatan dabo. Ba za mu sake ganinsa ba sai ranar da aka kawo shi ranga-ranga daga Mararaba ko Zuba, lokacin da zuciyar ta riga ta gaji har aikin tiyata ba zai yi mata amfanin da ya kamata ba. Na biyun ya fi yawa, shi ne kuma ya fi mutuwa. Saboda su biyun na rubuta wannan jagora.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, da ƙofofi huɗu da wasu ke kira bawul, waɗanda aikinsu shi ne su bar jini ya wuce gaba, su hana shi komawa baya. Ka ɗauki ƙofar kamar ƙyauren da damina ta kumbura: ko dai ya ƙi buɗewa sosai har sai an yi ta turawa, ko ya ƙi rufewa ruf. Idan ta tsuke, zuciya na shan wahalar tura jini ta 'yar kafa. Idan tana yoyo, jinin da aka tura yana dawowa, sai an sake tura shi. Ta kowace hanya zuciya na yin aikin da ya fi ƙarfinta, kuma tana iya jurewa shekaru ba tare da ka ji komai ba. Wannan jurewar ita ke yaudarar mutane. Jin daɗin jikinka ba shi ne ma'auni ba. Hoton zuciya da ranar da aka ba ka ka dawo su ne ma'auni.

Kayan da za ka tanada

Fayil na roba mai maɓalli, wanda duk wata takarda za ta shiga: sakamakon eko (hoton zuciya), ECG, gwajin jini, takardar magani. Marasa lafiyarmu kan yi yawo tsakanin asibitoci, yau Kubwa, gobe Gwagwalada, jibi gida Kano ko Katsina, kuma kwamfutar wannan asibiti ba ta san abin da ke cikin ta wancan ba. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, amma kada ka bar ta ainihi.

Ƙaramin littafi da biro, na rubuta nauyi, magani da tambayoyi. Sikelin awon nauyi irin na ɗaki. 'Yar akwatin magani mai gidaje bakwai. Kati a aljihu mai ɗauke da sunanka, sunan ciwon, magungunan da kake sha da lambar wani naka. Sai mutum guda, amintacce, da zai riƙa raka ka ganin likita, domin rabin abin da aka faɗa wa mai firgici a ƙofar ɗaki yake barinsa.

Mataki na 1: A tabbatar da ciwon da eko

Likita na iya ɗora abin sauraro a ƙirjinka ya ji wani sauti, amma jin sauti bai isa a yanke hukunci ba. ECG ma wutar zuciya yake nunawa, ba ƙofa ba. Abin da ke nuna ƙofa ido da ido shi ne eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'ura irin ta duba masu ciki. Babu allura, babu zafi. Ana yin sa a Asibitin Ƙasa, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da asibitoci masu zaman kansu da dama. Abin da za ka nace a kai shi ne likitan zuciya ya yi shi, ko ya karanta ya sa hannu.

Dalilin nacewar: binciken da Farfesa Dike Ojji da abokan aikinsa suka yi a Gwagwalada kan marasa lafiya 1,515 ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya a Abuja. Zuciyar da hawan jini ya buɗa takan ja ƙofa ta riƙa yoyo ko da ƙofar kanta lafiyarta ƙalau. Maganin wannan daban, maganin ƙofar da ta lalace da kanta daban.

Mataki na 2: Ka fito da amsar tambayoyi huɗu

Kada ka tashi daga gaban likita sai ka rubuta amsarsu a littafinka. Wace ƙofa ce? Tsukewa ce ko yoyo, ko duka biyun? Yaya tsananinta? Me ya jawo ta?

Ƙofofin ɓangaren hagu, maitral da ayotik, su suka fi samun matsala. A takardar eko za ka ga an rubuta stenosis idan tsukewa ce, regurgitation idan yoyo ne, sai matakin tsanani uku: mild, moderate, severe, wato kaɗan, matsakaici, mai tsanani. Faɗin ƙofar maitral mai lafiya murabba'in santimita 4 zuwa 6 ne, idan ya sauka zuwa 1.5 ko ƙasa an shiga mai tsanani. Ita ayotik, iyakar 1.0 ce. Matakin ne ke faɗin yaushe za a maimaita eko: ƙarama duk shekara 3 zuwa 5, matsakaiciya duk shekara 1 zuwa 2, mai tsanani duk wata 6 zuwa 12, ko da kana jin garau.

Tambaya ta huɗu ta fi muhimmanci a ƙasarmu. Ga dattijo, sau da yawa tsufa ne ya sa ƙofar ayotik ta ƙandare. Wasu kuma, kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 100, da ƙofar ayotik mai ganye biyu maimakon uku aka haife su. Amma ga mai shekara 20 zuwa 40, galibi tushen abin yana can a yarinta: ciwon maƙogwaro da wata ƙwayar bakteriya ta jawo ba a yi maganinsa ba, bayan 'yan makonni aka yi zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi mai yawo daga gwiwa zuwa idon sawu, aka ce sanyi ne ko shawara, aka shafa man zafi ya wuce. Garkuwar jikin yaron, garin yaƙar ƙwayar, ta taɓa ƙofar zuciya, tabon ya yi ta girma shiru. Wannan shi ne ciwon zuciya na rumatik. Yana damun fiye da mutum miliyan 40 a duniya, yana kashe fiye da 300,000 duk shekara, kusan dukkansu a ƙasashe matalauta, abin da ya sa Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa a 2018. Ba sammu ba ne, ba ɓacin rai ko yawan tunani ba ne, kuma ba a ɗaukarsa daga miji ko mata.

Mataki na 3: Ka ba ranka lokaci, amma kada ka ba ciwon

Makonnin farko akwai rashin barci, da sauraron bugun zuciya cikin dare, da fushi ba gaira ba dalili. Duk mun saba gani, kuma yakan lafa. Idan ya wuce wata guda kana ƙin abinci, ba ka son ganin mutane, ko ka fara tunanin gara mutuwa, ka faɗa wa likitanka ƙarara. Ciwon damuwa yana da magani, kuma mai fama da shi ba ya riƙe shan maganin zuciya.

Wanda za ka faɗa wa: matarka ko mijinki, da wanda zai yanke shawara idan ka kasa magana. Ba dole ba ne duk dangi su sani, domin kowane mai zuwa dubiya da nasa maganin yake zuwa, wannan saiwa, wancan rubutu, wancan kuma lambar wani mai magani da ya ji a rediyo. Addu'a da tawakkali ba su taɓa hana shan magani ba. Abin da ke hana shi shi ne mai cewa ka ajiye na asibiti ka gwada nasa na kwana arba'in.

Masu kallon ƙwallo sun san Nwankwo Kanu. Bayan ya jagoranci Najeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, gwajin lafiya a kulob ɗin Inter Milan ya gano matsala a ƙofar ayotik ɗinsa, yana ɗan shekara 20, yana ganiyar ƙarfinsa. Aka yi masa aiki a Cleveland ta Amurka a watan Nuwamban shekarar, ya koma fili a 1997, ya tafi Arsenal a 1999, ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a wannan shekara. Ba kowa ke da gatan Kanu ba, ban kuma ce kowa zai koma gudu ba. Abin lura shi ne gwaji ya kama ciwon kafin ya kayar da shi, aka kuma yi aikin a kan kari.

Mataki na 4: Ka san aikin kowane magani

Babu ƙwayar da ke buɗe ƙofar da ta tsuke ko ta ɗinke mai yoyo. Lasix, maganin fitsari, ruwa yake fitarwa daga huhu da ƙafa. Wasu magungunan rage gudun zuciya suke yi don ɗaki ya samu damar cika. Wasu na hawan jini ne. Sauƙin da ka ji aikinsu ne, idan ka daina ruwan zai dawo.

Idan ciwonka na rumatik ne, akwai allurar penisilin mai daɗewa a jiki da ake yi duk mako 3 zuwa 4. Ba ta gyara tabon da ya riga ya samu, tana hana wani sabon zazzaɓin ya zo ya ƙara lalata ƙofar. Yawanci ana ci gaba da ita shekara 10 ko har shekara 40 da haihuwa, duk wanda ya fi nisa, wasu kuma har ƙarshen rayuwa. Tana da zafi, ba zan ɓoye maka ba, shi ya sa mutane ke zillewa. A yi ta a asibiti, ba a kemis ba. Ka ci abinci ka sha ruwa kafin ka je, ka kwanta a yi maka, ka zauna rabin awa kafin ka tafi. Wanda ƙofarsa ta yi tsanani ƙwarai ko zuciyarsa ta yi rauni ya tambayi likita ko ƙwaya ta fi masa, domin a 2022 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ja hankali cewa irin waɗannan na iya yanke jiki bayan allurar.

Mataki na 5: Wafarin

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi yin asarar rai a banza. Idan ƙofar maitral ta tsuke, ɗakin da ke bayanta yakan buɗe, bugun zuciya ya rikice, jini ya riƙa kwanciya yana yin guda. Gudan nan idan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki a matashi ɗan shekara 30. Haka ma wanda aka sa wa ƙofar ƙarfe, jini na son daskarewa a kanta. Wafarin, maganin tsinka jini, shi ke hana wannan. Idan ya yi kaɗan jini ya daskare, idan ya yi yawa jini ya ɓalle, kuma babu yadda za ka gane inda kake ta hanyar jin jiki. Gwajin INR kaɗai ke nunawa. Mai rikicewar bugu ana son nasa tsakanin 2 da 3, mai ƙofar ƙarfe a maitral tsakanin 2.5 da 3.5. Likitanka zai rubuta maka naka. Da farko ana gwaji a kai a kai, idan ya zauna sai a koma kamar wata-wata.

Wani babban bincike mai suna REMEDY ya bi masu ciwon rumatik 3,343 a ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da Indiya da Yaman. Matsakaicin shekarunsu 28, kashi biyu cikin uku mata. Cikin masu shan maganin da aka auna, waɗanda INR ɗinsu ke daidai ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Cikin shekara biyu, kusan 17 cikin 100 sun rasu.

Kurakuran da muke gani kullum su ne waɗannan. Gane ƙwaya da launinta: kamfanoni sun bambanta, don haka ka karanta miligiram a jikin kwali duk lokacin da ka sayi sabo. Ninka magani don an manta na jiya: kada ka yi, ka sha na yau kawai ka rubuta a littafi. Shiga kemis a haɗo maka na ciwon jiki: ibuprofen, diclofenac, asfirin da garin Alabukun duk suna iya jawo zubar jini a ciki idan suka haɗu da wafarin. Farasitamol ya fi aminci, shi ma ba a wuce ƙa'ida. Flagyl, Septrin da fluconazole suna harba INR sama, maganin tarin fuka rifampicin kuma yana kayar da shi ƙasa. Duk wanda zai rubuta maka magani, ko na maleriya ne, ka fara ce masa "ina kan wafarin."

Batun ganye, an tsorata mutane fiye da kima. Zogale, alayyafo, ugu, rama da miyar kuka suna da sinadarin bitamin K da ke rage ƙarfin wafarin, amma ba a ce ka daina ci ba. Ka ci daidai yadda ka saba, mako bayan mako, sai a daidaita maka magani a kan haka. Abin da ke rikita lissafi shi ne wata guda babu ganye, sannan damina ta sauka a yi ta kwaɗon zogale safe da yamma. Jiƙe-jiƙe da garin magani kuwa, ba wanda ya san abin da ke cikinsu balle a yi lissafi da su. Idan ka sha, ka faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Za ka ji ana cewa akwai sababbin magungunan tsinka jini da ba sa buƙatar gwaji. Akwai su, suna da amfani ga wasu cututtukan, amma ba ga mai tsukewar maitral ta rumatik ko mai ƙofar ƙarfe ba. Binciken INVICTUS da aka fitar a 2022, kan mutum fiye da 4,500 masu ciwon rumatik da rikicewar bugu, ya nuna waɗanda ke kan wafarin sun fi tsira da rai a kan masu shan rivaroxaban. Ga mai ƙofar ƙarfe kuwa, ba a yarda da su ba sam.

Mataki na 6: Gishiri, sikeli, tafiya da azumi

Gishiri ruwa yake riƙewa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke cikin dunƙulen magi, yajin tsire, kilishi, sinadarin taliyar leda da kanwa. A koma ga daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Ka hau sikeli kowace safiya bayan fitsari kafin karin kumallo. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ba ƙiba ba ce, ruwa ne, kuma sikeli na ganinsa kafin ƙafa ta nuna.

Kwanciya ba magani ba ce. Yawancin masu wannan ciwo tafiyar ƙafa na yi musu amfani, gwargwadon yadda za su iya magana suna tafe. Mai tsukewar ayotik mai tsanani ne zai guji ɗaukar kaya masu nauyi da gudu. Ka zaɓi wani abu da kake yi kullum, kamar hawa benen ofis ko tafiya masallaci, ka riƙa lura: in bara kana yi a tsaye ɗaya, bana sai ka huta, wannan labari ne da likita ke son ji.

Kafin Ramadan da wata guda ka je a duba ka. Wasu na iya azumi idan aka sauya musu lokutan magani. Mai shan Lasix da yawa a zafin Abuja na Maris da Afrilu, ko wanda bai daɗe da kwanciya asibiti ba, azumi na iya taɓa masa ƙoda. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Ka ji ta bakin likita, ka kai wa malami.

Mataki na 7: Haƙori, zazzaɓi da wanzami

Ƙofar da ta lalace, ko wadda aka sauya, wuri ne da ƙwayoyin cuta ke son maƙalewa idan suka shiga jini, kuma baki ne babbar hanyarsu. Ka riƙe buroshi da asuwaki, ka ga likitan haƙori ko sau ɗaya a shekara. Wanda aka sauya wa ƙofa, ko ya taɓa kamuwa da irin wannan cuta, ana ba shi amoxicillin giram 2 rabin awa zuwa awa guda kafin cire haƙori, in ba ya da rashin jituwa da penisilin.

Zazzaɓin da ya ƙi tafiya bayan an yi maganin maleriya, ga gumin dare da rama, kada a yi ta maimaita "maleriya da taifot." Ka koma wurin likitan zuciya, a ɗebi jini a shuka shi kafin ka sha kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin ko 'yan ƙwayoyi ka haɗiya suna iya ɓoye cutar daga gwaji. Ƙaho, tsaga, sakiya da cire beli duk ka yi sallama da su. Ga hanyar shigar cuta, ga jinin da ba zai tsaya ba in kana kan wafarin.

Mataki na 8: Ga mata

'Yar'uwa, mata da yawa a wurin awon ciki aka fara gano musu ciwon. Lokacin goyon ciki jinin jiki na ƙaruwa da kusan rabi, ƙofar da ta tsuke kuma ba ta iya ɗaukarsa, sai ruwa ya cika huhu, musamman daga wata na shida zuwa kwanakin farko bayan haihuwa. Ba a ce ba za ki haihu ba. An ce a tsara: a yi eko kafin ciki, in ƙofar na buƙatar buɗewa a buɗe ta tukuna, a sauya magungunan da ke cutar da jariri. Wafarin na iya nakasa ɗan tayi tsakanin mako na 6 da na 12, amma daina shi da kanki na iya kashe ki idan kina da ƙofar ƙarfe. Ranar da kika ga al'ada ta yi jinkiri, ranar za ki kira asibiti.

A binciken REMEDY, matan da ke shekarun haihuwa masu amfani da hanyar tazara ba su kai 4 cikin 100 ba. Ki zo da maigida a yi maganar a gabansa, ya ji daga bakin likita cewa batun rai ne. Ƙwayoyin tazara masu sinadarin estrogen ba su dace da yawancinku ba, akwai wasu hanyoyin. Haihuwa kuma a babban asibiti, ba a gida ba. Lokacin jego a bar kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka ja hankali kan nauyin da waɗannan ke ɗora wa zuciyar mai jego. Uwar miji da gwaggo su suka fi buƙatar jin wannan, don haka a zo da su.

Mataki na 9: Ka fara shirin aiki tun ba a ce gobe ba

Ba kowa ne zai kai ga tiyata ba. Amma in takardarka ta ce matsakaici ko mai tsanani, ka tambayi likita kai tsaye: "Kana ganin nan da yaushe?" Aiki ya fi kyau kafin naman zuciya ya saki, kafin jinin huhu ya hau. Wanda ya jira sai ya kasa kwanciya ba matashi uku, ya ƙara wa kansa haɗari da tsada.

Hanyoyin sun bambanta. Ƙofar maitral da ta tsuke amma ba ta ƙandare ba, ana iya buɗe ta da balan-balan ta jijiyar cinya ba tare da tsaga ƙirji ba. Wata ana gyara ta. Wata sai an sauya. Ta ƙarfe na daɗewa, amma wafarin ne har abada, kuma za ka riƙa jin ƙas-ƙas ɗinta idan wuri ya yi shiru. Ta naman dabba ba ta buƙatar wafarin na dindindin, sai dai takan gaji cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi ma ba ta kai haka, sai a sake aiki. Ana yin ta daga alade ko daga saniya. In wannan ya dame ka, ka faɗa tun da wuri a nemo ta saniya. A ra'ayina, tambayar da ta fi shekarunka muhimmanci ita ce: daga inda kake zaune, za ka iya gwajin INR duk wata har ƙarshen rayuwarka? Ma'aikaci a Wuse zai iya. Wanda zai koma ƙauyen da ke da nisa da ɗakin gwaji, ko matashiyar da ke son haihuwa, su yi dogon tunani tare da likitan fiɗa.

An fara tiyatar buɗe zuciya a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Enugu a watan Fabrairun 1974, ƙarƙashin Farfesa Fabian Udekwu tare da Magdi Yacoub. Yau ana yin ta a Abuja, Legas da wasu biranen, a wasu wuraren kullum, a wasu sai tawaga ta zo daga waje. A watan Yunin 2025 aka buɗe cibiyar lafiya ta AMCE da bankin Afreximbank ya gina a Abuja, ciwon zuciya na cikin manyan fannoninta. Duk inda za ka, ka tambayi aiki nawa irin naka suke yi a shekara, wa zai kula da kai bayan an sallame ka, kuma kuɗin da aka faɗa ya haɗa da ƙofar, jini da ɗakin kulawa ta musamman ko a'a. Masu tafiya Indiya ko Masar su nemi likitan da zai karɓe su a gida kafin su hau jirgi, su guji dillalin da ke neman kuɗi kafin wani likita ya ga ekonsu.

Kuɗin miliyoyi ne, ba a tara su cikin mako guda. Ka yi rajistar inshorar lafiya, ta NHIA ko ta Babban Birnin Tarayya, ka tambaya a rubuce me take biya, domin ko ba ta ɗauki tiyata duka ba tana rage nauyin gwaji da magani. Ka nemi rahoton likita mai hatimi, da shi ake tunkarar wurin aiki, ƙungiyar gari, masallaci ko coci, da gidauniyoyi.

Mataki na 10: Abin da ba ya jiran ranar asibiti

Numfashin da ya hana ka kwanciya, tari mai kumfa ko jini, suma, ciwon ƙirji mai danna, karkacewar baki, sarƙewar harshe ko mutuwar hannu ko da na minti biyar ne ya wuce, baƙin bayan gida, haɓon da ya ƙi tsayawa, buguwa a ka ga mai shan wafarin, ko ƙofar ƙarfe ta sauya sauti: a tafi sashen gaggawa nan take, da fayil a hannu. Mazauna Nyanya, Karu, Lugbe da Suleja su san asibitin da ya fi kusa da su mai aiki da dare, su kuma san wanda zai tuƙa su, tun kafin ranar ta zo. Cunkoson hanyar Keffi ba ya sanin mara lafiya.

Idan ciwonka na rumatik ne, ka duba gidanka. Cunkoson ɗaki da ya ba ƙwayar damar kama ka yana nan a unguwanninmu. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 da ke zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ba tari ba mura, a kai shi asibiti, ba wurin mai cire beli ba. In an ba shi maganin kwana 10 ya shanye duka, in kuma ya fara kukan gwiwa ko idon sawu bayan haka, a nemi a saurari ƙirjinsa a yi masa eko.